Gangare Ba Ya Mantuwa: Daga Gulbin Maraɗi Zuwa Ƙanƙarar Duwatsun Turai

A daminar shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya kawo irin kawowar da ta wuce shirin kowa. Ruwa ya cika fadama, ya faɗa wa tsohon birnin da ke zaune a cikinta tun zamanin Ɗan Kasawa, ya jiƙa gindin katangu har gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Da ruwa ya janye, hukumar Faransawa ta lokacin ta yanke shawarar ba za a sake gina gari a gurbinsa ba. Aka yanka filaye a kan tudun da ke kallon fadamar, aka ja tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, jama'a suka hau da iyalansu da sunayen unguwanninsu: Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi, Limanci, Mokoyo da sauransu. Maraɗin da muka sani a yau, mai kasuwa da alhazai, ɗiyar wannan ambaliya ce.

Akwai wata irin masifa da ta sha bamban da fari, wanda ke zuwa a hankali kowa na kallonsa. Ita wannan tana taruwa ne a can sama, inda idon wanda za ta ci ba ya kaiwa, sa'an nan ta gangaro cikin ɗan lokaci, ta bi hanyar da ta taɓa bi. A wurinmu ruwa ne. A ƙasashen manyan tsaunuka masu sanyi kuwa dusar ƙanƙara ce ke ɓallewa daga gangaren dutse ta rufto wa gari ko matafiya, abin da gidajen rediyo ke kira zaftarewar ƙanƙara. Mutumin Maraɗi bai taɓa ganin dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa ba, amma tarihin yadda mazauna tsaunukan Alp na Turai suka koyi zama da tafiya a ƙarƙashin wannan barazana yana da abin da zai gaya masa game da gulbinsa. Za mu bi labarin daga fadamar Maraɗi, mu ratsa duwatsun Abzin, mu kai tsaunukan Turai, domin mai karatu ya ga abu guda: tazarar da ke tsakanin babbar masifa da wadda ke bin ta takan fi ƙarfin tunawar mutane, shi ya sa al'ummar da ta rage asara ita ce wadda ta mai da abin da ta gani ya zama rubutacciyar doka.

Abin da ya zaunar da kakanni cikin fadama

Ba rashin wayo ne ya sa aka kafa birni a hanyar ruwa ba. A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, zuriyar sarakunan Hausa suka fice suka nufi arewa. Bayan zaman hijira a ƙasar Damagaram, Ɗan Kasawa ya sauka Maraɗi wajen 1819, a sa'ad da mutanen yankin suka yi tawaye suka kawar da wakilin sabuwar hukumar Katsina. Abin da yake bukata a wannan lokaci shi ne mafaka daga mahayan dawaki. Fadamar gulbi kuwa kurmi ce mai duhu inda doki ba ya iya sukuwa, ga ruwa kusa, ga ƙasa mai albarka. A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Gobirawan da suka rage, a ƙarƙashin Mayaƙi, tare da taimakon Ɗan Mari, suka kafa sabon birni a bakin wannan gulbi dai, ƴar tafiya kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi. Sunan da ya ɗauka, Tsibiri, kalma ce da kowane Bahaushe ya san ma'anarta, wato ƙasar da ruwa ya kewaye.

Ke nan kakanni ciniki suka yi da idonsu buɗe. Sun yarda su zauna kusa da haɗarin da ke zuwa jefi-jefi domin su kuɓuta daga wanda ke zuwa kowane rani. Cinikin ya biya, domin daga wannan maɓoya ne Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da ƴan kai yana kai hare-hare ƙasar Katsina, birninsa kuwa na nan tsaye. Sai zamani ya juya. Turawa suka zo, yaƙe-yaƙe suka ƙare, aka yi ta sare kurmi ana yin gonaki. A 1927 Faransawa suka mai da Maraɗi mazaunin kumandan a maimakon Tasawa, cinikin gyaɗa ya fara jawo jama'a. Dalilin zama cikin fadama ya gushe, amma zaman ya ci gaba, tun da mutum ba ya tashi daga gidan ubansa don kawai wani dalili na da ya ƙare. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, ko da yake a nan turken ya ɗaure har da masu hankali.

Halin gulbin kansa ya taimaka wa wannan sakankancewa. Yana tasowa ne daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce kusa da Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Mafi yawan shekara rairayi ne busasshe, yara na wasa a cikinsa, amalanke na ratsa shi. Ruwan da ke cika shi ba lalle ne na samaniyar Maraɗi ba. Sararin gari na iya kasancewa tas, taurari a fili, alhali hadarin da zai kawo gulbi ya riga ya juye kayansa a kudu tun da magariba.

Ƙoramun Abzin da ilimin madugu

Waɗanda suka fi sanin wannan hali na ruwa su ne ayarin Abzinawa da ke saukowa ƙasar Hausa kowace shekara da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi. Ƙasarsu duwatsu ce masu nisa da tsawo. Ƙololuwar Bagzan, Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2,022, kuma babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar. Tsakanin duwatsun akwai ƙoramu masu shimfiɗar rairayi, su ne hanya, su ne inuwa, a gefensu ake samun rijiya da abincin raƙumi. Kowane gajiyayyen matafiyi ransa na son ya sauke kaya a tsakiyar ƙorama, inda ƙasa ke da laushi. Dutse kuwa ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kansa duka yake turowa ƙasa a lokaci guda.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ga haka da idonsa. Shi da abokan tafiyarsa Richardson da Overweg sun baro Tarabulus a watan Maris na 1850, suka shigo Abzin cikin damina. Suna zango a Tintagoda, wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, sai faffaɗan kwarin da suke ciki ya zama kogi cikin kwana guda, yana tumɓuke itatuwa yana jan dabbobi. Ɗan tudun da suka kafa tanti a kansa ya zama tsibiri, ruwa na cin gefensa. Sun tsira, daga baya suka bi ayarin gishiri zuwa kudu, Barth ya iso Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Shekara 159 bayan haka, a farkon Satumba na 2009, ƙoramar Telwa ta sauko daga waɗannan duwatsu, ta karya madatsar da ke kare Agadas, ta rusa dubban gidaje.

Maganin da ayari ya samo wa wannan haɗari shi ne mutum. Madugu shi ke cewa a sauka nan, kada a sauka can, a tashi yanzu ko a kwana. Yana karanta launin gajimare a kan dutse mai nisa, yana lura da karmami da ruwan bara ya rataye a rassan itace, ya san iyakar inda ƙorama ta taɓa kaiwa. Maganarsa ba a musunta a hanya, ko da mai raƙuma ɗari ne ya ƙagara ya isa kasuwa. Raunin wannan ilimi guda ɗaya ne: a kan mutum yake zaune, in mutumin ya kwanta dama ba tare da magaji ba, ya tafi da shi.

Mazauna ƙarƙashin ƙanƙara

Mutanen tsaunukan Alp, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwis da Italiya da Ostiriya, sun fuskanci irin wannan matsala, sai dai abin da ke sauko musu fari ne. Ya kamata a fahimci yadda yake faruwa. Dusar ƙanƙara tana sauka ne shimfiɗa bisa shimfiɗa a tsawon hunturu. Iska na kwashe ta daga wannan gefen dutse ta jibge a wancan, ta danne ta har ta zama faifai mai tauri. Wani lokaci a ƙarƙashin wannan faifai akan sami wata shimfiɗa mai rauni, wadda ƙwayoyinta ba su kama juna ba. Misalinsa kamar a zuba gero a kan daɓe mai gangara, a shimfiɗa tabarma a kai. Ido na ganin tabarma lafiya lau, amma duk wanda ya taka ta, da shi da ita za su tafi. A gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45 aka fi samun wannan. Faifan na tsagewa cikin ƙiftawar ido, ya gangaro da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa, in ya tsaya kuma ya daskare kamar siminti, wanda ke ciki ba ya iya motsa ko yatsa.

Tun da wuri mazauna kwaruruka suka gane cewa ƙanƙarar na da hanyoyinta. A 1397 mutanen Andarmat, wani ƙauye a ƙasar Suwis, suka rubuta takardar alkawari da ta haramta sare itace a kurmin da ke bisa ƙauyen, har ma da tsintar abin da ya faɗo ƙasa, suka sa tara ga wanda ya karya. Kurmin ne ke riƙe ƙanƙara kada ta sauko musu, kuma har yanzu yana tsaye a bayan garin. A mashigar dutsen San Barnar, mai tsawon mita 2,469, malaman Kirista sun kafa masauki tun ƙarni na 11 domin matafiya, daga baya suka riƙa fita da manyan karnuka suna neman waɗanda ƙanƙara ta binne. A wancan zamani babu mai hawa tsauni da hunturu don nishaɗi. Sai fatake da mahajjatan Ruma da sojoji, su ma bisa larura.

Masu neman tsauni da ƙafarsu

Abin da ya sauya wannan hali shi ne allunan zamiya, wasu dogayen katakai biyu sirara da ake ɗaurawa a ƙafa, waɗanda Turawa ke kira siki. Mutanen Norwe sun daɗe suna tafiya da su. A 1888 Fridtjof Nansen da abokansa biyar suka ratsa ƙanƙarar Girinlan a kansu, labarin ya bazu Turai, samari masu ilimi na Jamus da Suwis da Faransa suka ce su ma sai sun gwada a tsaunukansu. Dabarar hawa ita ce a manna fatar wata dabbar teku a ƙarƙashin allon, gashinta na kwance ta fuska guda, ya bar allon ya yi gaba ya hana shi komawa baya. In an kai ƙololuwa sai a ɓare fatar a zamo ƙasa. Da wannan dabara mutum ke kaiwa inda babu hanya, babu gida, babu mai jin kiransa.

A watan Janairu na 1897 Wilhelm Paulcke da abokansa huɗu suka ratsa manyan tsaunukan yankin Barn na Suwis a kan alluna, abin da ba a taɓa yi ba. Shekara biyu bayan haka, a farkon Janairu na 1899, biyu daga cikin waɗannan abokai, Ehlert da Mönnichs, ƙanƙara ta binne su a mashigar Susten. Tun daga farkonsa ke nan wannan yawo ya nuna cewa gwanaye yake ci. Hakan bai hana kowa ba. A 1903 wani likita na Shamoni, Michel Payot, ya jagoranci yunƙurin farko na bin doguwar hanyar da ke haɗa Shamoni da Zarmat ta saman duwatsu da hunturu, a 1911 kuma Marcel Kurz da Roget suka buɗe ta a kan alluna ta manyan mashigai. A yau dubban mutane ke bin wannan hanya kowace bazara, kwana shida ko bakwai, daga wannan masauki zuwa wancan, kamar yadda ayari ke bin zanguna.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tura dubun-dubatar sojojin Italiya da na Ostiriya cikin tsaunuka da hunturu. A dutsen Marmolada an gina wa sojojin Ostiriya barikin katako a wurin da harsashin abokan gaba ba ya kaiwa, amma a ƙarƙashin gangare mai ɗauke da ƙanƙara. Irin cinikin kakannin Maraɗi ne, an guje wa haɗarin kullum an zauna a bakin na jefi-jefi. Hafsan da ke wurin ya nemi izinin kwashe mutanensa bayan kwanaki ana zubar ƙanƙara, manyansa da ke zaune nesa suka ƙi. Da asubahin 13 ga Disamba na 1916 gangaren ya ɓalle, aƙalla soja 270 suka mutu a wuri guda. A wannan wata kaɗai ƙanƙara ta kashe dubban sojoji a fagen dagar.

Daga tuni zuwa taswira

A 1936 Suwisawa suka fara binciken dusar ƙanƙara a kan wani dutse da ke bisa garin Dabos, aikin da ya zama cibiya ta ƙasa a 1942, kuma tun 1945 cibiyar ke fitar da sanarwar gargaɗi ga jama'a. Wannan bai hana babbar musibar hunturun 1950 zuwa 1951 ba, wadda ta ci rai 265 a tsaunukan Alp, 98 daga ciki a Suwis, 135 a Ostiriya. Abin da aka yi bayanta ne ya cancanci a duba. An kakkafa shingayen ƙarfe a saman gangare, inda ƙanƙara ke ɓallewa. An sake dasa kurmi. Mafi muhimmanci, aka bi ƙauyuka ana tambayar tsofaffi, ana duba littattafan majami'u da tsoffin takardu, ana rubuta kowace hanya da ƙanƙara ta taɓa bi da shekarar da ta bi. Daga nan aka fara zana taswirar haɗari, ta farko a ƙauyen Gadman a 1954. Inda aka shafa ja ba a yarda a yi sabon gida ba. Inda aka shafa shuɗi sai da ƙarfafa gini. Lissafin kuwa har da zaftarewar da ake tsammanin ta sau ɗaya a shekara 300. A watan Fabrairu na 1999 ƙanƙara mai kama da ta 1951 ta sake sauka, ƙasar ta fi cika da jama'a da baƙi, amma waɗanda suka mutu cikin garuruwa da kan hanyoyin Suwis mutum 17 ne.

Inda taswira ta yi mantuwa kuwa gangare ya tuna mata. A ranar 9 ga Fabrairu na wannan shekara ta 1999, a Monrok kusa da Shamoni, ƙanƙara ta tsallake rafi ta rusa gidajen da aka gina a wurin da takarda ta ce babu haɗari, mutum 12 suka mutu. Bincike ya nuna ta taɓa bin wannan hanya a 1908. A 2003 kotu ta sami magajin garin Shamoni da laifi. Makonni biyu bayan Monrok, ranar 23 ga Fabrairu, irin haka ta faru a Galtur ta Ostiriya, rai 31 suka salwanta.

Da aka kare garuruwa, sai yawan masu mutuwa ya koma kan masu yawon tsauni, waɗanda ke barin filayen zamiya da ake gadi su shiga dajin duwatsu. Kimanin mutum ɗari ke mutuwa ta haka a tsaunukan Alp a matsakaiciyar shekara, kuma a cikin kowane goma, wajen tara su ne ko abokan tafiyarsu suka taka faifan da ya tafi da su. An ƙera musu kayan ceto: ƴar na'urar da ake ratayawa a jiki tana aika alama, wadda aka fara yi a ƙarshen shekarun 1960, da doguwar sandar caka ƙanƙara, da shebur. Binciken da aka buga a 1994 ya nuna cewa in an tono mutum cikin minti 15, fiye da tara cikin goma na rayuwa, amma in an kai minti 35 saura kamar uku cikin goma. Ma'anar wannan ita ce jirgin ceto yakan iso a makare, abokin tafiya ne ke tono ɗan'uwansa. A 1993 ƙasashen Turai suka daidaita ma'aunin gargaɗi mai hawa biyar. Abin mamaki, a hawa na uku aka fi mutuwa, domin a na huɗu da na biyar tsoro na zaunar da mutane gida, a na uku kuwa rana na haske, gangare na kira, kowa na ganin zai sha.

Wannan ya mai da hankalin masana kan zuciyar matafiyi. Wani jagoran tsauni na Suwis, Werner Munter, ya fito da hanyar lissafi mai sauƙi a shekarun 1990, wadda ke gaya wa mutum gangaren da zai bari tun yana gida, kafin kwaɗayi ya shiga idonsa. A Amurka kuma Ian McCammon ya bi ɗaruruwan haɗurra a farkon shekarun 2000, ya tarar abubuwan da ke ruɗar mutane ƴan kaɗan ne, kuma suna maimaituwa: na saba bin wurin nan ban taɓa ganin komai ba, mun riga mun yi nisa ba ma komawa, ga sawun wasu sun wuce lafiya, wane gwani ne bari mu bi shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙorama da damina, ya ga direba ya tsunduma mota cikin ruwa don na gabansa ya haye, ya san waɗannan maganganu da Hausa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ƙin tashi na da wuya in jama'a na kallo.

A 2018 hukumar UNESCO ta sa ilimin zama da zaftarewar ƙanƙara na Suwis da Ostiriya cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Wato an yarda cewa sanin inda ba a gini da ranar da ba a tafiya al'ada ce, daidai da waƙa ko saƙa, kuma tana iya ɓacewa in ba a miƙa ta ba. Amfaninta ya sake bayyana a watan Mayu na 2025, sa'ad da dutse da ƙanƙara suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten na Suwis. Masu sa ido sun ga dutsen na motsi, an kwashe mazauna kimanin 300 kwanaki kafin ranar, mutum guda kaɗai aka rasa.

Gulbin da aka manta da ƙarfinsa

Wajen 1950 mutanen Maraɗi ba su kai dubu goma ba. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da 267,000, kuma garin bai daina yaɗuwa ba. Mafi yawan waɗannan jama'a ba su da kakan da ya ga ruwan 1945. Tun da aka gama madatsar Jibiya a Najeriya, kawowar gulbi ta ragu, aka sami zuriyar da ta tashi tana ganinsa a matsayin rafi mai ladabi. Rairayi na cike cikinsa, kurmin da ke rage wa ruwa gudu ya tafi, tudun da aka hau a 1945 shi ma kwazazzabai na cin bakinsa, domin rufin kwano da kwalta, kamar dutsen Abzin, ba su shan ruwa.

Gargaɗi ya zo sau biyu cikin shekara shida. A tsakiyar Yuli na 2018 ambaliyar dare ta faɗa wa Jibiya, ta kashe kimanin mutum 50, har aka tsinci wasu gawarwaki a ƙasar Madarunfa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ruwa bai san iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba. A ƙarshen Agusta na 2024 kuma ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin ƙasa da awa biyu, aƙalla mutum 15 suka rasu. A wannan damina kusan mutum 400 suka mutu a faɗin Nijar, abin ya shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Ba wanda zai ce a ƙaurace wa fadama. Ita ke ciyar da gari. Filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin hekta 500 da ɗoriya, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, wannan ruwa kuwa kawowar gulbi ce ke sabunta shi. Zogale da albasa da tattasai da ke cika kasuwannin Maraɗi kyautar ambaliya ce ta wata fuska. Suwisawa ma suna kiwon shanu da yankan ciyawa a wuraren da taswira ta shafa wa ja. Abin da suka hana shi ne kwana a wurin.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suke tarayya a kansu, har da Gulbin Maraɗi. Hanyar da ake tattauna rabon ruwa ita ce za ta iya ɗaukar saƙon cewa ruwa na tafe, daga Jibiya zuwa Nyelwa, zuwa Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, a faɗa a rediyon gari da lasifikar masallaci da matakai sanannu waɗanda kowa ya gane. Ana bukatar taswira mai ja da shuɗi a ofishin magajin gari, wadda mai sayar da fili da mai saye za su gani, wadda kuma babba ba zai iya goge ta ba. Ana bukatar samarin kowace unguwa su san abin da za su yi a minti 15 na farko, tun da maƙwabci ne ke fara isa wurin katangar da ta faɗi.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Yaron da ke da shekara goma a 1945 yana wajen shekara 90 a yau. Ƴan kaɗan ne suka rage a Bagalam da Mokoyo da Tsibiri waɗanda za su iya nuna da sanda inda tsohon gari yake, ta ina ruwa ya shigo, wace itaciya ya kai wa wuya. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da masu unguwanni, da fadar Sarkin Katsina da ta Sarkin Gobir, za su iya zama da waɗannan dattawa a ɗauki maganarsu, a je wurin da su a kafa alama, a sa shekara. Da irin wannan tambaya ta ƙauye-ƙauye aka fara taswirar Gadman. Allah Ya ja kwanan dattawanmu, Ya ba mu ikon tambayarsu tun suna iya amsawa.